Mutanen Ɗaya ga Janairu

Lokacin da na gama jami'a a Samaru, babu wanda ya san sunan aikina a gidanmu. Lissafi da kwamfuta na karanta. Baba ya so in zama likita, makin bai kai ba, ni kuma ban yi kuka ba, rashin kukan nan ne ma ya fi ɓata masa rai. Tsohon hedimasta ne, dattijo a cocinmu, yana da 'yar gonarsa ta wajen Bomo. In aka tambaye shi bayan sujada me 'yarsa take yi, sai ya ce, "Tana harkar buga takardu." Ban ga laifinsa sosai ba, abin da idonsa ya gani ke nan. Da na dawo daga bautar ƙasa, a wani shagon intanet da ke bakin titin Samaru na samu kujera, ina buga wa ɗalibai furojet, ina gyara musu Turanci, ina buɗe wa dattawa imel su aika wa 'ya'yansu saƙo. Su kansu ɗaliban taifis suke kirana. Ina amsawa, amma ban taɓa yarda a raina ba.

Goggo ce ta jawo ni cikin wannan aiki, ba da saninta ba. Yayar Baba ce, a gidanmu take zaune tun da mijinta ya rasu, tana fama da hawan jini. Wata safiya na raka ta asibitin cocinmu da ke Sabon Gari. Ƙaramin asibiti ne, likita ɗaya, nas-nas 'yan kaɗan, da dogon benci a baranda. Muka zauna tun da sanyin safiya har rana ta take ana neman fayil ɗin Goggo a ɗakin kati, ba a gani ba. Daga ƙarshe aka buɗe mata sabo, fari fat, kamar yau ta fara ciwo.

Likitar mace ce, 'yar kudancin Kaduna, doguwa, gashinta a aske ya yi furfura, tabaraunta rataye a wuya da igiya. Kowa Likita yake ce mata, har fasto. Ta duba sabon katin, ta duba Goggo.

"Mama, wane magani na ba ki wancan zuwan?"

"Wani fari ne ƙarami," in ji Goggo, "da wani mai ruwan ƙwai."

Likita ta ajiye biro, ta dafe goshi. Ni kuma bakina ya riga hankalina. Na ce, "Likita, zan iya rubuta miki furogiram da zai riƙe miki duk wannan. Kina taɓa suna, sai ki ga abin da kika ba ta." A lokacin ba mu san kalmar manhaja ba, furogiram muke cewa.

Ta sa tabarau ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ce 'yar Malam mai buga takardu?"

"Ni ce 'yar Malam. Amma ba buga takardu na karanta ba."

Ta yi 'yar dariya ta hanci. Ta ce in na yi, in kawo ta gani, asibiti dai ba shi da kwamfuta, kuma kada in sa rai.

Kwamfutar da hannuna na haɗa ta. Na riƙa shiga kasuwar Sabon Gari ina tsintar kayanta ɗaya bayan ɗaya wurin wani Ibo mai sayar da tsoffin kayan ofis, har ya fara ajiye mini abin da ya san zan nema. Allon mai ƙaton ƙeya ne, in na ɗauka sai na rungume shi kamar tulu. Da safe ina shago, da yamma ina kan teburin cin abincinmu ina rubutu, in an ɗauke wuta in ci gaba a kaina ina tankaɗe garin tuwo. Na yi abin kamar yadda littattafanmu suka koyar, gurbi bayan gurbi, shafi bayan shafi, babu abin da na bari. Da na gama na ɗora a bas na kai Sabon Gari ina ji da kaina.

Likita ta gwada shi safiya ɗaya. Kafin azahar ta juya allon ya fuskanci bango.

"Tun safe ban ga fuskar mutum ɗaya ba," ta ce. "Mace tana faɗa mini ciwonta, ni ina neman harafi da yatsa biyu. Rabin abin da nake ganewa a fuska nake ganinsa. Kin ba ni aikin akawu."

Na ji zafin maganar. Na ce, "To faɗa mini abin da kike so."

"Ban sani ba. Da na sani da na yi da kaina. Je ki zauna a ɗakin kati, ki ga yadda mutane suke shigowa."

Ina jin ta ɗauka ba zan je ba. Washegari na riga mai ba da kati zuwa. Na bar shagon intanet, Baba ya ce na bar tabbas na kama babu, na ce tabbas ɗin nan bai yi mini ba.

A ɗakin katin nan na ga abin da ba a koya mana a aji ba. Bencin asibitin mutane iri biyu yake ɗauka. Akwai 'yan Sabon Gari, Ibo da Yarbawa da mutanenmu ma'aikata, su suna da sunan dangi, suna da lambar gida da sunan titi, wasu har katin baftisma suke fitarwa a ga ranar haihuwa. Akwai kuma mutanen ƙauyuka da tsoffin unguwanni, Musulmi da Kirista, matan Bomo da na bayan Samaru, waɗanda suka fi yawa. Mace ta zo, a ce, "Sunan maigida?" sai ta rufe baki da gefen mayafi ta dubi wadda ta rako ta, ita ce za ta faɗa. In ita kaɗai ta zo, sai ta ce Malam, ko Baban wane, ko mai gidanmu. A ce, "Shekara nawa?" ta ce, "Ai an ce mini shekarar da aka yi fara aka yaye ni." A ce, "Ina ne gida?" ta ce, "Bomo, bayan injin niƙa." Wata yau ta ba da sunan yanka, wata mai zuwa ta ba da sunan da kakarta take kiranta, kuma duka biyun nata ne, ba ƙarya ta yi ba. Mai ba da kati yana rubuta abin da ya ji, fayil yana haihuwar fayil, mace ɗaya ta zama mata da yawa a kan kantar fayiloli.

Na koma gida na rushe abin da na yi, na sake sabo. Na buɗe wurin sunan yanka da wurin sunan da ake kiran mutum a gida, ko wanne aka taɓa zai fito. Na buɗe wurin unguwa da alama, injin niƙa ne, rijiya ce, bishiyar ɗorawa ce. Na sa wurin wanda ya saba rako ta. Shekaru kuwa, in an san ranar haihuwa a rubuta, in ba a sani ba a rubuta kimani, kalmar kimanin ta tsaya a gefe da ja, don likita ta san hasashe ne. Duk wannan a ɗakin kati ake shigarwa. Abin da yake zuwa gaban Likita kaɗan ne: awon jinin da ya wuce, maganin da ake sha, da maganin da jinin mutum ba ya karɓa. Na koya wa furogiram ɗin gajerun kalmomin da take rubutawa a kati, ta danna harafi biyu sauran su cika. Saboda wutar garinmu ba ta sallama in za ta tafi, na sa yana adana kowane layi da zarar an rubuta.

Wannan karon ba ta juya allon ba. Ba ta kuma yaba ba, ba halinta ba ne. Ta dai fara aiko nas da ƙorafi: rubutun ya yi ƙanana, me ya sa awon suga ba ya fitowa kusa da na jini, wa ya ce mini ja launi ne mai kyau ga idon tsohuwa. Kowane ƙorafi na ɗauke shi kamar an ba ni goron sallah. Muka samu kwamfuta ta biyu, wata tsohuwa ta ofishin fasto, na ja waya ta saman silin na haɗa su. Muka ci damina, muka shiga wata, ana aiki da abin da na rubuta a kan teburin cin abincinmu. Goggo in ta je, kafin ta gama gaisuwa Likita ta riga ta san abin da take sha.

Sai labarin tallafi ya zo. Wata ƙungiya daga ƙasar waje za ta ba asibitin sababbin kwamfutoci, da babban janareto, da furogiram ɗinsu da aka ce asibitoci da yawa suna amfani da shi. Sharaɗin dai shi ne a karɓa duka ko a bar duka. Kwamitin asibiti ya kira taro a ɗakin dattawa da ke bayan coci. Shugaban kwamitin tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, abokin Baba tun suna samari, Baba ma ɗan kwamiti ne. Ni an ce in zo ne in taimaka wa baƙo da haɗa wayoyi.

Baƙon wani saurayi ne daga Legas, da nakatayal a wuya, mai ladabi, ya gaida kowa da hannu biyu. Ba mugu ba ne, kuma abin da ya kawo ba banza ba ne. Yana da sashen ɗakin gwaji, yana da na ɗakin magani, yana zana hoton yadda cuta take hawa da sauka a wata. Ina kallo ina jin kishi, don ni ban kai nan ba. Sai ya zo shafin rajistar marar lafiya. Sunan dangi, dole. Ranar haihuwa, rana da wata da shekara, dole. Lambar gida da titi, dole. In ka bar ɗaya, shafin ba zai wuce ba.

Na ɗaga hannu daga inda nake tsugune wajen soket. Babu wanda ya ba ni izini, na dai yi magana. Na tambaye shi da Turanci yadda za a yi da matar da ba ta san ranar haihuwarta ba.

Ya ce ai mai sauƙi ne, a kimanta shekarar a sa ɗaya ga Janairu, haka ake yi ko'ina.

Na ce sunan dangi fa, ga wadda ba ta da shi, kuma ba za ta faɗi na mijinta ba?

Ya ce a sa duk wanda ya samu.

Na miƙe tsaye. Na juya harshe zuwa Hausa don dattawan da ke bayan ɗaki su ji. Na ce, "To nan da baɗi za ku samu mata rututu a cikin na'urar nan, sunansu ɗaya, ƙauyensu ɗaya, duk an haife su ɗaya ga Janairu. Likita za ta buɗe ta wace? Wadda allura take kumbura ta, ko wadda ba ta kumbura ta? Kuma yaro fa? Yaro da nauyinsa da watanninsa ake auna masa magani. In an rubuta masa ranar ƙarya, wanda ya zo daga baya zai ɗauka gaskiya ce, don na'ura ba ta nuna masa cewa hasashe ne ba."

Da aka fassara wa baƙon, ya ce lambar kati za ta raba su. Na ce katin nan shi ne yake ɓata, daga nan muka taso. Na roƙe shi abu ɗaya, a bari a bar gurbin a buɗe, ko a sa alamar kimani. Ya ce shi ma ya ga amfanin haka, amma a can waje aka rubuta shi, ba a taɓa shi a nan.

"To mu za a taɓa ke nan," na ce, muryata ta fi yadda na so ƙarfi. "Takalmi ya matse, sai a yanke ƙafa."

Shugaba ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, shi da ya riƙe ni ranar baftismata.

"Ke 'yar wa ce?" ya ce.

Bai jira amsa ba, ya juya wurin Baba. "Malam, ka ja wa 'yarka kunne. Ana ba mu sa, tana duba haƙoransa."

Baba ya sunkuyar da kai. Na dubi Likita, ita kaɗai nake jira. Tana zaune tana goge tabaraunta da bakin riga, ta goge wannan ido, ta goge wancan, ba ta ɗago ba.

Suka yanke shawara a gabana. Za a karɓi tallafin. Ni kuma, don kada a ce an yar da ni, zan kwashe mutanen da ke cikin nawa in zuba a sabon, in cike duk guraben da babu, daga nan a naɗa ni shugabar masu shigar da bayanai. Shugaba ya faɗi haka yana jiran in durƙusa in yi godiya.

Na ce, "Baba shugaba, bayanan na asibiti ne, zan miƙa su duka yadda suke, ko harafi ba zan riƙe ba. Amma ba zan haifi kowa a ranar da ba a haife shi ba. Ku nemi wani ya yi."

Na naɗe wayar da ke hannuna, na ajiye a kan tebur, na fita.

Baba bai yi mini magana a bas ba, daga Sabon Gari har Samaru. Sai da muka shiga gida ya cire takalmi sannan ya buɗe baki. Goggo tana tsakar gida tana tsince wake.

"Kin tsinka ni a gaban sa'o'ina," ya ce. "A kan me? A kan kwanan wata. Ni nan da kike gani, ranar haihuwata malamin mishan ne ya ba ni. Ya sa na ɗora hannu ta saman kai na kamo kunne, ya rubuta abin da ya ga dama. Me ya same ni?"

Na ce, "Baba, shi ya sa aka yi maka ritaya da sauran ƙarfinka."

Na san inda maganar za ta sauka kafin in sake ta, kuma na sake ta. Ya tsaya yana dubana. Goggo ba ta daina tsintar wakenta ba. Ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Ni dai uwarmu ta ce da damina aka haife ni, ana noman farko. Janairu kuwa ban san da wane ruwa aka yi noma ba." Baba ya ɗauki fartanyarsa ya fice gona da ranar nan.

Kwanaki muna gaisuwa kawai. Matan zumuntar cocinmu suka fara zuwa wurin Goggo suna jajantawa kamar an yi rasuwa. Wata ta ce boko ne ya yi mini yawa, wata ta ce da ina da miji da ban samu bakin yi wa dattawa gardama ba. Fasto ya aiko in je in ba shugaba haƙuri. Na ce zan je, don na san abin da zan ba da haƙuri a kansa.

Muka je da Baba wata Asabar da hantsi. Shugaba yana zaune a barandarsa yana sauraron rediyo. Na durƙusa har ƙasa, na gaishe shi, na ce, "Baba, na ɗaga murya a gabanka, ban kyauta ba. Ka yafe mini."

Fuskarsa ta sake. Ya ce ai ɗa na kowa ne, Ubangiji ma muna yi masa laifi ya yafe. Ya sa aka kawo mana ruwa. Sannan ya ce, "To shi ke nan, ran Litinin sai ki fara zuba musu mutanen."

Ina durƙushe na ce, "A'a, Baba. Muryar na janye. Maganar tana nan."

Ya dubi Baba, Baba ya dubi kofin da ke hannunsa. Na jira Baba ya ce in tashi in ba su wuri. Abin da ya ce, a hankali, shi ne, "Ka ji ta dai. Ni ma a gida haka nake ji." Bai goyi bayana ba, amma bai sake turo ni ba. Da muka fito titi ya tsaya ya saya mini gasasshiyar masara, ya miƙo mini, muka ci muna jiran bas.

Ranar da na je kwashe kayana, na miƙa wa Likita bayanan a faifai, na kuma buga mata su a takarda. Sannan na goge su daga kwamfutata tana tsaye tana gani, don kada gobe a ce na tafi da asirin marasa lafiya. Da na gama na tambaye ta abin da yake cina.

"Likita, me ya sa kika yi shiru?"

"Janareto," ta ce. "Na ɗinke mace nas tana riƙe mini tocila. Na zubar da allurar rigakafi saboda firij ya huce. Gaskiya kika faɗa a taron nan, kuma ko yau aka sake tambayata janareton zan ɗauka."

"Da kin faɗi haka a gabansu. Da kin ce gaskiya ce, ko da za ki karɓa."

Ta ce, "Da ma na faɗa." Ba ta ƙara ba. Ta riƙe mini ƙofa na fita da allon a ƙirji. Na daɗe ban huce da ita ba. Yanzu na fahimci zaɓinta, amma shirun nan har yau ban ga dalilinsa ba, kuma ba zan yi ƙaryar na gani ba. Aka ɗauko wasu suka cike guraben. Ban taɓa tambayar yadda suka ƙare da matan ɗaya ga Janairu ba. In an fara ba ni labari nakan ce a bar shi, ba na so in zama mai jiran wani ya faɗi don in yi murna, marasa lafiya ne a tsakani.

Daga nan na shiga yawo. Ƙananan asibitoci masu zaman kansu sun cika Sabon Gari, na bi su ɗaya bayan ɗaya, kwamfuta a cinya a bayan ɗan acaɓa, allo a ɗaure da zane. Wani likita ya ce marasa lafiyarsa duk a kansa suke. Wani ya ce in furogiram ɗin daga waje ne zai duba, na gida kuwa ba ya so a koyi aski a kansa. Wata metiron, shugabar nas-nas, ta ce suna neman sakatariya, in ina so. Wani ya saurare ni har ƙarshe, ya yaba, sannan ya tambaya ko zan zo mu ci abinci a otal mu ƙarasa maganar. Na naɗe wayoyina na ce na ƙoshi. Kullum in na dawo Goggo takan dubi fuskata ta zuba mini tuwo, ba ta tambaya. A tsakanin yawon ina zaune ina ƙara abin da na gani a na baƙon nan na ji kishi, na fara da sashen ɗakin magani. Ba zan ƙi koyo daga abu don ya kore ni ba.

Wani ƙaramin asibitin haihuwa a unguwar Hanwa ne ya fara buɗe mini ƙofa. Ranar an yi ruwa da safe, na isa zanena duk taɓo, na lulluɓe kwamfutar da ledar shinfiɗa. Mai asibitin likita ne Bazazzagi, Musulmi, gajere mai saurin magana. Na haɗa kayana a kan teburinsa, na nuna masa. Da ya ga wurin sunan gida da alamar unguwa sai ya matso da kujera. Da ya ga kalmar kimani ya gyaɗa kai. Sannan ya jingina ya ce, "Madalla. To ina ogan naki? Ki ce ya zo mu yi magana."

"Wane oga, ranka ya daɗe?"

"Wanda ya rubuta."

"Ga ta a gabanka."

Ya yi murmushi irin na wanda ba ya so ya ƙaryata mace a fuskarta. Na ce masa ya faɗi abu ɗaya da yake so wanda babu a ciki. Ya yi tunani, ya ce abin da yake damunsa mata masu ciki da suke fara awo su ɓace, sai ranar da abu ya lalace a kawo su. In da zai buɗe da safe ya ga waɗanda lokacin awonsu ya wuce ba su zo ba, da unguwanninsu, da ya tura ungozoma ta bi su.

Na ce ya ba ni gefen tebur. Ya ci gaba da ganin matansa a ɗaki na gaba, ni na buɗe cikin furogiram ɗin na shiga rubutu. Yakan leƙo ya tsaya a bayana, ya ga layukan suna tafiya, ya koma. Wuta ta ɗauke sau ɗaya, na zauna na jira ta, hannuna a cinya. Da ya fito zai tafi sallar la'asar na ce ya tsaya ya gani. Na shigar da mata na gwaji, na ja kwanan watan na'urar gaba, waɗanda suka makara suka fito a jere, unguwa unguwa.

Ya danna da kansa, ya sake dannawa. Ya ce, "Ikon Allah." Ya kira ungozomarsa ta zo ta gani, suka fara gardamar wace unguwa ce ta fi ɓacewa. Sannan ya juyo ya ce, "Malama, sai ki dawo wani satin mu tsara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwamfutar nan nauyi gare ta, kuma hadari ya sake haɗowa. Ba na so in mayar da ita Samaru. A nuna mini inda mai ba da kati yake zama."

Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce wa ungozomar ta kai ni, a kawo mini kujera mai kyau, a kuma nemo mini abinci, don ya lura tun safe ban sa komai a bakina ba.